Darasin Shinge na Mama Sandra

A bayan wata makarantar firamare da ke Jikwoyi akwai fili mai jar ƙasa, inda samari ke buga ƙwallo da yamma. Da safe kuwa filin na Christina Kure ne, wadda kowa ya fi sani da Mama Sandra. A nan ne take koya wa mutane tuƙi da tsohuwar motarta Golf, tana zaune gefen ɗalibi, hannunta kusa da birkin hannu, bakinta bai hutawa.

'Yar Kagoro ce. Ta zo Abuja da mijinta Michael tun Jikwoyi rabinta gonakin dawa ne. Shi yana jan tasi tsakanin Nyanya da cikin gari, ita tana tuyar doya da ƙosai a bakin titi. Shi ya koya mata tuƙi ranakun Lahadi bayan an tashi daga coci, don ta riƙa ɗauko doya daga kasuwar Karshi ba sai ya bar aiki ba. Ba su da yawa, amma tukunya na hawa murhu kullum, 'yarsu Sandra kuma tana makaranta.

Wata rana da tsakar rana aka tsayar da Michael a wani shingen jami'an tsaro kafin gadar Nyanya. Aka ce ya kawo takardu. Takardun suna ƙarƙashin kujerarsa, cikin leda, inda ya saba ajiye su saboda ruwa. Ya sunkuya ya miƙa hannu bai ce komai ba. Wanda ke tsaye bakin taga ya ɗauka wani abu zai zaro, ko kuma dama ransa a ɓace yake, ya kai masa gindin bindiga a gefen kai. Fasinjoji ne suka kai shi asibiti. Ya tashi, amma hannun hagu bai tashi tare da shi ba, maganarsa kuma ta koma a jajjaye kamar mai tauna ƙanzo. Ba a taɓa sanin sunan wanda ya buge shi ba, domin babu fasinjan da ya kalli ƙirjin rigarsa.

Christina ta kife kaskon tuya ta karɓi makullin mota. Aikin tasi bai karɓe ta ba. Maza da yawa in sun leƙo sun ga mace a sitiyari sai su ja da baya su jira ta gaba. Cikin 'yan fasinjojin da take samu akwai Nafeesa, ma'aikaciya a wata ma'aikatar tarayya, wadda ta sayi mota tana ajiye a gida saboda maigidanta bai son namiji ya koya mata. Ita ce ɗalibarta ta farko. Nafeesa ta gaya wa ƙawayenta na ofis, su ma suka gaya wa nasu, har Mama Sandra ta shiga ƙarƙashin wata makarantar tuƙi mai rajista a Karu, ta daina ɗaukar fasinja.

Kowace makaranta tana koyar da giya da ribas da fakin. Abin da ya bambanta Mama Sandra shi ne darasinta na ƙarshe, wanda take kira darasin shinge, kuma ba ta sallamar ɗalibi sai ya ci shi. Ranar, Michael kan taso daga bencin da yake wuni a kai ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya jera tayoyi biyu a tsakiyar fili, ya rataya sanda a kafaɗa kamar bindiga, ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Ɗalibai kan yi dariya da farko. In ya matso bakin taga suka ga tabon da ke gefen kansa, dariyar sai ta ɗauke.

Tana koya musu su rage gudu tun daga nesa, su sauka gefen titi, su kashe waƙa, su sauke gilashi, su ɗora hannu biyu a kan sitiyari inda ido zai gan su. A gaisa da ladabi ko da ba a amsa ba.

"Kafin hannunka ya motsa, bakinka ya riga shi," in ji ta. "Ka ce, Oga, takarduna suna cikin akwatin nan, zan ɗauko. Ka jira ya ce to."

Daga nan sai ta shiga abin da doka ta ba direba, wanda ta tattara a hankali daga lauyoyin cocinsu da shirye-shiryen rediyo. Lasin da takardun mota da inshora, waɗannan a nuna. In za a duba but ɗin mota, direba ya fito ya tsaya yana kallon hannun mai dubawa. Waya kuwa ba a buɗe wa kowa ita a bakin titi haka kawai. Mutum na da damar ya tambayi sunan jami'i da ofishinsa, ya tambayi laifin da ake tuhumarsa da shi, ya sanar da iyalinsa in za a tafi da shi, ya yi shiru har lauya ya zo. Kada ya sa hannu a kan bayanin da bai karanta ba. Beli ba na sayarwa ba ne. Takan ce duk wannan a faɗe shi da murya ƙasa-ƙasa, domin gaskiya da tsawa a bakin bindiga ba ta kai mutum gida.

Michael kan yi aikinsa da gaske. Ya daka wa mota duka da tafin hannu, ya nemi na goro, ya ce a ba shi waya, ya yi kamar zai buɗe ƙofa ya shiga. Akwai matar da ta fashe da kuka. Akwai saurayin da ya fusata ya fito yana nuna yatsa, Mama Sandra ta mayar da shi farkon fili ta ce ya riga ya mutu, ya sake.

Lukmanu ya zo mata ne ta hannun wata ƙungiya da ke biya wa 'yan gudun hijira kuɗin koyon sana'a. Mutumin Gwoza ne, manomi a da, yana zaune a Kuchigoro da matarsa Rahmatu da 'ya'yansu cikin ɗakin buhu da langa-langa. Dogo ne mai sanyin magana, kullum shi ke fara isowa duk da nisan hanya, ya share gilashin mota kafin ta fito. Hannunsa ya kama tuƙi da wuri. Ta ce ba ta taɓa samun ɗalibin da ke jin kukan inji kamarsa ba.

Ranar darasin shinge ne ta ga wani Lukmanu daban. Da Michael ya ɗaga hannu, sai gumi ya karyo masa, ƙafarsa ta bar birki ta danna totur. Ba don ta fizgi birkin hannu ba da ya bi ta kan mijinta. Motar ta tsaya cikin ƙura. Lukmanu ya kifa kansa a kan sitiyari, sannan ya ɗago. Ya ba ta labarin hanyoyin garinsu a shekarun tashin hankali, inda ake tare mota a sauke maza a jera su gefe, matan su wuce. Wani lokaci masu kaki ne, wani lokaci waɗanda suka saci kaki ne, ba ka sani ba sai an gama. A irin wannan shingen aka sauke wansa, har yau babu labari.

Ba ta tsawata masa ba. Ta ba shi ruwa, ta ce gobe su sake. Suka yi ta maimaitawa har ya kai yana tsayawa lafiya, yana gaida Michael da yallaɓai, yana faɗin abin da zai ɗauko kafin ya ɗauko. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne ya ce a'a ga batun waya. Ta dage sai ya iya. Ta ce masa nan Abuja ce, akwai doka, kuma dokar ta san da shi kamar yadda ta san da ɗan minista.

Ya sami lasin, ya sami aikin raba burodi da motar wani gidan burodi a Lugbe. Ran Asabar yakan biyo ta Jikwoyi ya ajiye musu mai zafi. Ya fara zancen kama ɗaki na bulo kafin damina.

Wata Alhamis da safe Rahmatu ta kira ta, muryarta a dishe, ta ce tun jiya Lukmanu bai dawo ba, wayarsa a kashe. Gidan burodi sun tsinci motarsu a gefen hanyar filin jirgi, a kulle, burodin na ciki. Mama Sandra ta sallami ɗaliban ranar ta tafi wurin. Wata mai gasa masara da ke zama daf da inda abin ya faru ta ba ta labari tana waige-waige. Ta ce wajen la'asar ne. Jami'ai sun kafa shinge, direban ya tsaya da kyau, ya gaishe su, ya miƙa takardu. Suka nemi waya, ya ce su yi haƙuri, ya kuma tambayi sunan mai maganar. Ɗaya ya tambaye shi shi ɗan ina ne. Da ya faɗa, suka kalli juna, suka tura shi cikin wata mota marar lamba.

Ta ɗauki Rahmatu suka shiga zagayen caji ofis. Duk inda suka je sai a duba a ce babu mai wannan suna. A wani wurin aka bar su tsaye a rana har azahar, a wani aka tambayi Mama Sandra mene ne haɗinta da ɗan Borno. Da ƙafarta ta gaji ta nemi Nafeesa, ita kuma ta haɗa ta da wani lauya, Barista Bello, wanda ya karɓi maganar bai nemi komai ba. Shi ya yi ta rubuce-rubuce da buga waya har aka amsa cewa Lukmanu na hannu, ana bincike. Makonni suka shuɗe kafin a sake shi. Ba a kai shi kotu ba, ba a tuhume shi da komai ba.

Da ya fito sai da aka riƙe shi ya shiga motar Mama Sandra. Ƙafafunsa sun kumbura, yana numfashi da rabin ƙirji, yatsun hannunsa na dama biyu sun karkace. Suka kama hanyar gida. Sai da suka kusa Kuchigoro ya ɗago daga kujerar baya.

"Mama, wallahi na yi duk yadda kika ce."

"Na sani, Lukmanu," ta ce. Ta ci gaba da tuƙi.

Bai ƙara taɓa sitiyari ba. Fitsarinsa ya koma ja, likita ya ce ƙoda ce ta taɓu. Aka yi ta kai shi asibiti ana dawo da shi, ƙungiyar da ta biya masa kuɗin koyon tuƙi ta taimaka iya ƙarfinta, 'yan cocin Mama Sandra ma suka yi karo-karo. Ya rasu a tsakiyar damina, ruwa na zuba ta rufin ɗakinsa. Ta je gaisuwa ta zauna cikin mata a kan tabarma. Babu wanda ya ce mata komai sai sannu, kuma wannan ya fi mata nauyi.

Bayan rasuwar ta daɗe ba ta yi darasin shinge ba. Michael ya ce shi ya gama tsayuwa a tsakiyar fili. A ganinsa abin da ya kamata a koya wa talaka shi ne ya miƙa waya, ya miƙa duk abin da aka nema, ya tsira da ransa. Ita kuma ta ce da Lukmanu ya miƙa wayar ma, sunan garinsu na nan a bakinsa, kuma in kowa ya yi shiru, wata rana ko masu kakin za su manta akwai doka. Suka yi ta ja, a ɗaki da kan benci, babu wanda ya rinjayi wani. A ranta kuwa ba ta da tabbacin da take nunawa. Sau da yawa tana cikin koya wa ɗalibi ribas sai ta ji tana sake lissafa abin da ya faru a hanyar filin jirgi, tana neman inda da an sauya kalma ɗaya da ya dawo gida.

Da ta koma yin darasin, ita da kanta ke rataya sandar. Ta ƙara abu ɗaya: tun mutum ya hango shinge ya kira wani nasa, ya faɗi sunan hanyar da yake, ya bar layin a buɗe. Ta kuma daina ce wa ɗalibai doka za ta kare su. Takan ba su labarin Lukmanu daga farko har ƙarshe, ta ce wannan ya yi komai daidai, su sani. Wasu ɗaliban ba sa son ji. Wata ta ce ita tuƙi ta zo koya ba tsoro ba, ta koma wata makarantar.

Barista Bello ya shigar da ƙara da sunan Rahmatu. An ɗage zaman farko saboda ɗaya ɓangaren bai zo ba, na biyu saboda an sauya alƙali. Rahmatu ta halarta har ta gaji, daga baya ta kwashe 'ya'yanta ta bi danginta wani ƙauye a Nasarawa inda suka sami gonar haya. Yanzu Mama Sandra ce ke zuwa a madadinta. Ranar zama takan rufe makaranta, ta sa zanenta na zuwa coci, ta zauna a bencin baya tana sauraron Turancin da rabinsa ke wuce ta. In an tashi ta tsaya a bakin ƙofa ta kira Rahmatu ta gaya mata sabuwar ranar. Zaman da ya wuce alƙali ya yi tafiya, aka ce sai bayan Kirsimeti.