Ƙeyar Mutanen Garinmu

Duk ƙasar da fatauci ya kai ni, idan na gama da kasuwa masu zane nake nema. A Dakar na tsaya a kan wani dattijo mai zane a bayan gilashi. Da ido da gashin baki yake farawa, riga ta biyo baya, sararin sama a ƙarshe, domin ta ɗaya gefen za a kalli aikin. A Kumasi allunan masu aski kawuna ne zalla. A Alƙahira wani mai tsofaffin littattafai ya nuna mini hotunan da mutanen dā suka zana a cikin littattafan sarakuna, ƙanana kamar tafin hannu. Ya ce wasu masu zanen sun ƙare rayuwarsu a fada cikin daraja, wasu kuwa ko sunansu ba a riƙe ba. Ina kallo, ina tuna taubashina da na baro a Kafin Maiyaƙi.

Ɗan gwaggona ne, saboda haka tun muna yara bawana nake ce masa, shi kuma ya ce da ni ubangidan da ba ya zaman gida. Mahaifinsa malami ne mai zayyana, wato adon da ake yi wa allon wanda ya sauke Alƙur'ani. A gabansa taubashina ya koyi dama tawada da ƙaro da jan layi ba tare da hannu ya girgiza ba. Da ya tasa ya fara zana shanu da kekuna da mutane, tsohon bai hana shi ba. Abu ɗaya ya roƙa: ya bar wa Mahalicci fuska. Ya yi alkawari, kuma ba a daɗe ba tsohon ya rasu.

Tun daga nan ta baya yake zana mutane. Abin mamaki, ba a taɓa kasa gane su ba. Mai shayinmu da kafaɗarsa ɗaya da ta rankwafa, Bafulatani da sandarsa a gicciye bisa wuya, ɗan acaɓa da iska ta cika masa riga. Ya yi zamaninsa yana zane a bayan manyan motoci da ƙofofin shaguna. Sai na'urar buga hoto a kan leda ta zo, aiki ya janye, ya koma gonarsa ta masara. Bai yi ƙorafi ba, amma na san abin da ke ransa. Ruwa da rana sun cinye duk abin da ya zana a mota da bango. Yana so ko sau ɗaya aikinsa ya shiga littafi.

Wata rana tayar motar wata Hajiya ta yi faci a garinmu. Tsohuwar malamar makaranta ce daga birni, tana shirya littafin koyon karatu na yaran karkara. Tana jiran mai faci ta ga zanensa a bangon mai shayi, ta sa aka nemo shi. Ya ja ni muka tafi tare, wai ni na iya bakin mutanen birni.

Bayan an gaisa ta duba takardunsa ɗaya bayan ɗaya, ta yi murmushi.

"Malam, hannunka ya burge ni. Amma me na yi wa mutanen nan kowa ya juya mini ƙeya?"

Ya faɗa mata alkawarin. Ta saurara har ya gama.

"Ba zan ce ka karya ba," in ji ta. "Amma akwai shafin da uba ya dawo daga doguwar tafiya, 'yarsa ta hango shi. Yaron da bai gama iya haɗa baƙi ba, hoto ne zai gaya masa murna take ko kuka. Zana mini wannan shafin. Idan yara sun gane, littafin duka naka ne. Idan ba su gane ba, ka yi haƙuri, zan nemi wani."

A hanyar gida na shiga ba shi labarin abin da na gani. Na ce a Masar littattafan yara cike suke da fuskoki, kuma malamai a can ma suna da ilmi.

"Ubangida, ba fatawa nake nema ba," ya ce. "Alkawari na yi, wanda zai yafe mini shi kuma yana ƙarƙashin ƙasa."

Ya yi kwanaki yana fama. Na farko da ya nuna mini, yarinya ce a tsaye ta ɗaga hannuwa sama.

"Wannan ai korar tsuntsu take yi a gonar gero," na ce.

"Kai dai da ka iya yare da yawa, har yanzu ba ka koyi na yabo ba."

Ya yayyaga, ya sake. Na biyu ya fito kamar kare ne ya biyo ta. Daga nan ya daina nuna mini, ni ma na daina zolayarsa, domin na ga abin ya fara hana shi cin tuwo.

Wata safiya ya same ni a zaure, ya shimfiɗa takarda a tabarma. Yarinya ce a guje, ta baya. Ɗankwalinta ya zame zuwa wuya. Farantin gyaɗar da take ɗauke da shi ya kife a ƙasa, takalminta ɗaya na can baya cikin yashi. Can nesa, inda hanya ta ƙanƙance, ga mutum ya ajiye jaka ya durƙusa, ya buɗe hannuwa. Nisan ya isa a ce ba a ganin fuskarsa.

Na daɗe ina kallo kafin na gane durumin da ke gefen hoton. Na ƙofar gidanmu ne.

"Shekarar da ka dawo daga Sudan," ya ce. "Kai ka ga fuskarta. Ni ina zaune a dakali, bayanta na gani."

'Yata ce ta fari, wadda yanzu take Tudun Wada da 'ya'yanta. Ni na riƙe dariyarta da haƙoranta na gaba da suka fita. Ban taɓa sanin ta yar da takalmi ba.

Hajiya ta kai hoton wata makaranta a wajen Doguwa, inda yaran makiyaya da na manoma ke aji ɗaya. Ita ta ba mu labari da bakinta. Ta rufe rubutun da hannu ta tambaye su abin da ke faruwa. Wata yarinya ta ce babanta ne ya dawo. Hajiya ta tambaye ta yadda aka yi ta sani.

"Malama, ko takalmin ba ta koma ɗauka ba."

Littafin ya fito bayan damina. Daga bango zuwa bango mutanen yankinmu ne, kowa da ƙeyarsa, ga sunan taubashina a ƙasan shafin farko. Yanzu yana kan littafi na biyu, kuma yara sun fara taruwa a rumfarsa da fensir suna kwaikwayo.

Ranar da ya kawo mini nawa, na buɗe shafin na ce ya mayar da ni ɗan mitsitsi kamar ƙuda.

"Gode mini za ka yi," in ji shi. "Da na matso da kai kusa, da yaran sun ce kuka take."