Na Ɓoye Maganar Likita Saboda Gurasar Kakata

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ina da shekara ashirin, ina karatu a kwalejin horon malamai, ina zaune a gidanmu na gado a Yakasai. Ba ni da hayaniya. Abin da na fi so shi ne in hau kan soro bayan la'asar da littafina, in yi ta rubuta baitoci a kan tantabarun maƙwabta da jan hasken yamma a jikin katanga. Siririya ce ni ƙwarai, kuma, Allah ya yafe mini, ramar burge ni take yi. A zatona haka marubuta waƙa suke.

Gidanmu gidan gurasa ne. Kakata ta wajen uba, Hajiya, ita ce mai tanderu tun kafin a haifi mahaifina. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai Uwata. Kullum da safe gurasar da ta fara fitowa daga tanderu ba ta sayarwa ba ce, tawa ce. Hajiya za ta zuba mata man gyaɗa da garin ƙuli-ƙuli, ta miƙo mini da hannunta, ta tsaya tana kallon bakina. In na ce ta yi daɗi sai ta ce to, uwa ta sa albarka, a fita da saura. Haka muke tun ina 'yar shekara huɗu.

Tun ina sakandare cikina ke kumbura, ga yawan gudawa, ga kasala. Daga baya ciwo ya sauka a ƙuguna da cinyoyina, har tashi daga sujada ya zama sai na dafa ƙasa. A gida aka ce basir ne, aka ce sanyi ne, na sha jiƙo iri-iri. Hajiya kuwa ta ce rashin cin abinci mai nauyi ne, ta ƙara mini da funkaso da taliyar murji, wai alkama ce ke gina ƙashi.

Wata rana jiri ya kayar da ni a aji, aka kai ni asibiti. Likitar da ta duba ni ta daɗe tana tambayata abin da nake ci. Bayan gwajin jini ta ce tana zargin wata cuta da ake kira siliyak. Ta bayyana mini cewa a jikin wasu mutane alkama tana lalata bangon hanji, sai hanjin ya kasa tsotsar amfanin abinci, har da sinadarin kalsiyam da bitamin D waɗanda ƙashi ke rayuwa a kansu. In jiki ya rasa su sai ya koma yana ɗiba daga ƙashi a hankali. Ta ce in dawo da mahaifina a yi wani gwajin na hanji, in ya tabbata, ni da alkama har abada.

A hanyar gida babu abin da nake gani sai hannun Hajiya a miƙe. Da wane baki zan ce mata abin da take ba ni shekara goma sha shida shi ke cinye ni? Na ninke takardar da likita ta ba ni na cusa a tsakanin baitocina, na ce wa Baba an ce ƙarancin jini ne. Washegari na karɓi gurasata na ce ta yi daɗi. Wannan shi ne kuskurena, kuma na fi shekara ina maimaita shi kowace safiya, ina ce wa kaina ladabi nake yi.

Ranar da abin ya same ni ba faɗuwa na yi daga sama ba. Matakalar ƙarshe ta soro na kuskure, tsawonta bai kai taƙi ɗaya ba, sai na ji ƙashin ƙwaurina ya yi ƙara kamar an karya kara. Baba ya kira wani tsohon maɗori da ya saba yi wa danginmu ɗori. Ya ɗaure ƙafar, ya ce nan da kwana arba'in zan taka. Da kwanakin suka cika ya kwance, ya danna. Ya ce wa Baba ya ɗora ƙasusuwan yara da na tsofaffi ba adadi, amma bai taɓa jin ƙashin budurwa da laushi irin na tsohuwa ba sai nawa. Ya ce akwai abin da ke cin sa ta ciki, wannan kuwa ba aikin hannunsa ba ne, a kai ni asibiti. Har gobe ina yi wa dattijon nan addu'a. Da a ce ya sake ɗaurewa don kada a ce ya gaza, da ban san inda ƙafata take ba yau.

Allah da ikonsa, likitar nan muka sake samu, kuma ta gane ni. A gaban Baba da Hajiya ta tambaye ni me ya hana ni dawowa. Hoton ƙashi ya nuna ƙasusuwana sun yi sirara, gwajin hanji ya tabbatar da zarginta. Ta ce in na ci gaba da cin alkama ƙafar ba lalle ta haɗe ba, kuma ƙugu ne zai biyo baya.

Da muka koma gida na jira faɗa. Hajiya ta zauna a bakin gadona, ta ce, “Uwata, kin bar ni ina karya ki da hannuna, kina ce mini ta yi daɗi? Ashe kin ɗauka gurasa na fi so a kanki?” Ban taɓa jin maganar da ta dake ni kamar wannan ba. Ta ce gobe za ta rushe tanderun. Sai da Baba ya roƙe ta, ya ce likita ba ta ce haka ba, abincina kawai za a ware.

Ware shi kuwa Hajiya ta yi, fiye da yadda aka ce. Ta mayar da ni ɗakin da ya fi nesa da wurin kwaɓa fulawa. Ta sa aka kawo sabuwar rariya, sabuwar muciya da tukunya, ta ce duk wanda ya taɓa su shi da ita. Da aka ga cikina bai gama lafawa ba, ita ce ta gano dalili: injin niƙan unguwa da ake kai geron kununa shi ne dai ke niƙa alkamar jama'a. Daga ranar ta hana kai hatsina inji. Tsohuwa mai ciwon baya ta koma turmi, tana daka tana tsokanata wai ta haifi uwar da ta fi jariri wahala. Da hantsi takan sa a fito da ni tsakar gida in sha rana, ta kawo mini nono da wainar shinkafa, ta tsaya a kaina sai na haɗiye magungunan da aka ba ni.

Sai da na yi wata bakwai kafin na taka ba sanda. Likita ta gaya mini gaskiya, ƙashi na farfaɗowa amma ba lalle ya koma yadda ya kamata ba, domin shekarun da ake tara ƙarfinsa na ɓarnatar da wasu. Yau ina koyarwa, ina zuwa makaranta da ƙafata, da 'yar ɗingishi in na gaji. Alhamdu lillahi.

Abin da na koya shi ne, kunyar da ke hana mutum faɗa wa nasa ciwonsa ba ladabi ba ce. Na yanke wa kakata hukunci cewa ba za ta iya ɗaukar gaskiya ba, alhali ta fi ni ƙarfin zuciya. 'Yan'uwana mata, in ciki ya daɗe yana damun ku, ga rama, ga ciwon ƙashi a ƙuruciya, kada ku tsaya a kan sanyi ne, ku je a duba. In kuma likita ta ce ku zo da babba, ku zo da shi a ranar. Ciwon ciki yana kuka a ji shi. Ƙashi kuwa ba ya magana sai ranar da ya karye.