Baba Mai Awo da Zoben da Ake Zubarwa a Shara

Mai Gilashi, kai ne ka kusa mayar da ni gawa a bakin titi, ni da autana, kuma kai ne yau kake so a kwashe kayan mutumin da ya gano abin da ka yi. Na faɗa. In ƙarya nake yi, ka san ƙofar gidana.

Ni ban yi boko ba. Surukata ce ke riƙe da biro, na kuma gaya mata in ta sassauta mini kalma ɗaya, zan sa wani ya karanta in gane. Amma ba don Mai Gilashi na zaunar da ita ba. Don Baba Mai Awo ne, wanda na tabbata yawancinku kun wuce ta gabansa ba ku ko yi masa sallama ba.

A layin masu kayan mota, rumfarsa ce ta ƙarshe, 'yar ta kwano, jingine da bangon babban shagon nan mai gilashi inda ake jera wilin mota masu ƙyalli. Tun kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu Baba ya iso a kan kekensa. Ba rumfar yake fara buɗewa ba. Bayan layi yake zagawa, inda ake zubar da kwalaye, riƙe da sanda mai ƙugiya, yana tona shara a hankali kamar mai neman ɗan kunnen da ya faɗi. Masu shaguna sukan tsokane shi: "Baba, yau an samu zinariyar?" Shi kuwa ya ce, "Abin da ya fi ta. Zinariya ba ta hana sitiyari rawa." Abin da ya tsinto sai ya wanke a gwangwani, ya auna, ya karta lamba a jiki da ƙusa, ya zira a waya. Wayoyi tara ne rataye a rumfar, kowace ɗauke da zobba, na roba da na farin ƙarfe, faɗin kowanne kamar bakin kofin shayi. Mai shayin layin ya ce shekara ashirin da shida yana ganin haka, ko ruwa ake yi.

Ga yadda na san Baba. Autana direba ne, motar ubansa marigayi yake ja, yana kai 'yan kasuwa da kayansu. Ramukan hanya suka lanƙwasa masa wili, wato ƙarfen nan da taya ke zama a kai, sai ya je wurin Mai Gilashi ya sayi sababbi huɗu, aka ɗaura masa a nan shagon. Tun daga ranar, da ya ɗan taka mota sai sitiyari ya hau karkarwa kamar mai masassara. Sau uku yana komawa. Na farko aka ce ya je a daidaita masa tayoyi, ya je. Na biyu aka ce ya sake. Na uku Mai Gilashi ya ce masa a gaban mutane, "Malam, kayana lafiyarsu ƙalau. Motarka ce ta tsufa, ko kuma hannunka ne ke rawa."

Ranar da za mu je ganin 'yata da ta haihu, ina gaba riƙe da kwanon abinci, muka ji wani ƙara daga ƙafar gaba kamar an karya ƙashi. Allah ya sa yaron ya iya hannunsa, ya lallaba muka sauka gefe. Ƙusoshi biyu cikin biyar da ke riƙe da wilin sun karye, sauran ukun notinsu ya kwance, da yatsa ake juya su. Wani mai babbar mota da ya tsaya taimakonmu ya leƙa ya ce, "Kada ku kai ta ko'ina sai wurin Baba Mai Awo."

Ɗana ya ce in zauna a gida. Na ce a'a, ƙafata ƙafar motar nan. Abin da ya nemi raina sai na gan shi da idona.

Da aka janyo motar, Baba bai tambayi komai ba. Ya cire wilin, ya goge tsatsa, ya ciro wani ɗan ma'auni mai baki kamar na kada daga aljihun gaba. Ya auna cibiyar ƙafar motar, wato ɗan tudun ƙarfen nan da ke tsakiyar ƙusoshi. Ya auna ramin tsakiyar wilin. Ya sake aunawa. Sannan ya dube ni.

"Uwar direba, in zobe ya yi wa yatsanki yawa, yaya kike yi?"

Na ce, "Zare nake naɗa masa. Wannan kuma tambaya ce?"

"To, ita ma mota haka ne. Masu ƙera irin wannan wili suna buɗa raminsa da yawa don ya shiga motoci iri-iri. Cibiyar motarku sittin ce da ɗigo ɗaya, ramin wilin saba'in da uku da ɗigo ɗaya. Zura yatsanki ki ji."

Na zura. Wallahi ƙaramin yatsana ya kusa shigewa tsakani.

Na ce, "To ba ga ƙusoshi ba? Aikin me suke yi?"

"Suna matsewa, su ne ma ƙarfin abin. Amma in ba a zaunar da wili daidai a tsakiya ba kafin a matse, a karkace zai zauna, ko da kaurin farce ne. Sai ya yi ta tsalle yana girgiza noti, har wata rana. Zoben nan ba shi ke ɗaukar mota ba. Shi dai yana nuna wa wili wurin zamansa."

Na ce, "Ashe dattijon gida ne." Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

Daga nan ban bar shi ya huta ba. Me ya sa wasu na roba ne? Ya ce roba ba ta manne wa ƙarfe da tsatsa, amma zafin birki yana gajiyar da ita, shi ya sa motar haya ya fi so ya sa mata na farin ƙarfe in akwai. Me ya sa ba ya duba lambar da ke jikin kwali kawai? Ya ce, "Kwali ba ya hawa titi." Me zai hana a sa wanda ya ɗan yi kusa? Ya ce, "Kusa ita ta kawo ku nan." Ɗana yana ta ƙifta mini ido wai na ishi mutum. Baba ya ce, "Ƙyale ta. Shekara nawa ina nan ba wanda ya tambaye ni, sai dai a ce in yi sauri."

Ya bi wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ya samo biyu masu wannan awon. Saura biyu. Ya ɗauki keke, na ce ina zai je, ya ce makabartar motoci. Na tari mai babur na bi shi. Can na ga Baba da furfurarsa yana durƙusawa gaban kowane mushen mota yana shafa cibiyarta da yatsa, domin in an cire wili, zoben kan maƙale a nan, ba wanda ke kula shi. A mota ta goma sha wani abu ya sami na uku, ya ɓamɓaro shi da bakin wuƙa kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri. Na huɗu kuwa babu. Muka zaga shaguna shida. Wani ya ce bai taɓa jin sunansa ba, wani ya miƙo mana wanda bai kai ba ya ce, "A buga da guduma zai shiga." Baba ya ce masa, "Allah ya ba ka haƙuri," muka fito.

Ya ce zai fere shi da kansa a injinsa, amma babu wuta. Kwana biyu babu wuta, mota tana kan jak, ɗana ba ya fita aiki.

A rana ta uku ina zaune a bencinsa, na kwance bakin zanina zan ciro makulli in ba surukata. Sai Baba ya ce, "Tsaya. Mene ne wannan?"

Na ce, "Makullaina."

"Abin da kika ɗaura su a jiki."

Jama'a, zoben ne. Baƙi, na roba. Kwana uku ina yawon nemansa, yana lilo a ƙuguna. Ranar da aka ɗaura wilin, ɗana ya kawo mini kwali ɗaya in zuba tsummokara, na ga abin a ciki, na ce wannan ya yi daidai da makullai. Ɗana ya riƙe baki. Ya ce shi ma ya gan su a 'yar leda ranar, ya tambaya, Mai Gilashi da bakinsa ya ce robar shirya kaya ce, a zubar.

Baba ya auna nawa. Sittin da ɗigo ɗaya, saba'in da uku da ɗigo ɗaya. Ya ɗaga biyun da ya ciro daga waya ya ce, "Wataƙila waɗannan ma naku ne. A bayan shagonsa na tsince su."

Na ce, "Alhamdu lillahi, sa shi mu tafi."

Ya ɗaga shi ya duba ta hasken rana, ya nuna mini wata 'yar tsaga kamar silin gashi, inda makulli ya ci shi. Ya ce ba zai sa ba. Na roƙe shi, na yi faɗa, na ce yaro yana da iyali. Ya ce, "Saboda iyalin ne." Sai da wuta ta dawo da la'asar ya fere sabo daga guntun farin ƙarfe, yana yi yana aunawa. Ya sauya ƙusoshi biyun da suka karye, ya zaunar da zobban, ya matse notin da hannu, ɗaya nan ɗaya can, ba a jere ba. Sannan ya cika kofi da ruwa, ya ɗora a gaban gilashin mota, ya ce wa ɗana, "Taka ta." Muka hau babban titi. Ruwan nan ko gezau, kamar a kan tabarma yake.

Baba Mai Awo, kai ne ka ƙi jin roƙona don ka tsare mini ɗa. Kai ne mai tsince abin da masu takalmi mai ƙyalli suka zubar, ka wanke shi, ka ajiye wa wanda ba ka ma san shi ba tukuna. Allura ƙarama ce, amma ƙarfe ce. Mai shayi ya gaya mini motar da ke kwasar 'yan makaranta kai ka raba ta da irin wannan rawar, direban motar marasa lafiya ma haka, har ya kawo maka hula ka ce ta yi maka yawa, ka mayar masa. Ya kuma gaya mini sau huɗu kana shiga shagon gilashi da zobe a tafin hannunka kana cewa, "Alhaji, a daina zubar da wannan," ana ce maka ka koma bolarka.

Yanzu ga abin da ya sa na tashi. Ɗana ya kai ƙara wurin kwamitin layin. Aka kira Baba, aka tambaye shi, ya faɗi abin da ya auna, bai ƙara ba bai rage ba. Sati biyu bayan haka shugaban layi ya sanar wai Baba ya tsufa, za a yi masa taron ban kwana a ƙarshen wata, a sha lemo, a ba shi allo mai sunansa, rumfar kuma a haɗe ta da shagon gilashi. Na tambayi Baba ko shi ya nemi hutu. Ya ce, "Ni da ban gama cika waya ta tara ba?" Sai ya ci gaba da wanke zobbansa.

Na gode maka, Baba. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ku kuma masu ɗaura wili, ku je ku zauna a bencinsa tun yana nan, ku koyi auna abu sau biyu. Masu mota, kafin a matse muku noti ku ce a nuna muku zoben. Ni da ban san bihim ba na gane shi cikin kwana uku.

Shugaban layi, saura kai. Wa ya ce Baba ya gaji? Likita ne, ko maƙwabcinsa? In an rushe rumfar nan, wa zai tona shara gobe da safe, kai? Kuma wanda ya ce a zubar da zoben, me aka yi masa? Ranar taron ina nan tafe, zan zauna a kujerar gaba, kuma ba lemo zai kawo ni ba. Zoben mai tsaga yana nan a bakin zanina. Zan kwance shi in ajiye a kan teburinka, kai da Mai Gilashi ku tashi a gaban jama'a ku gaya mini mene ne shi.