Takalmin Seluka

Seluka yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya haura shekara sittin a tsibirinmu na Nukufetau bai taɓa sa takalmi ba. Masunci ne. Tafin ƙafarsa kauri kamar bayan kunkurun teku, faɗi kuwa kamar faranti. In ruwa ya janye, yakan bi ta kan duwatsun gaɓa masu kaifin aska yana tafiya kamar a kan tabarma, samari na biye da shi suna ɗingishi da silifas ɗinsu, yana musu dariya.

Sai ciwon suga ya kama shi, ƙafafun suka daina jin komai. Ran nan ya dawo daga kamun kifi, jini na bin sawunsa a kan yashi, karnuka na lasa, shi bai ma sani ba. A asibitin babban tsibiri aka cire masa yatsu biyu na ƙafar hagu. Da ya dawo, nas ɗinmu ta faɗa a gaban kowa: in dutse ya sake yanka ƙafar nan, daga gwiwa za a yanke.

Na san abin da hakan ke nufi. Maza uku na gani an dawo mana da su da ƙafa ɗaya. Ba wanda ya sake hawa kwalekwale, ba kuma wanda ya kai shekara biyu a kan tabarma.

Takalman kantinmu ko rabin ƙafarsa ba sa ɗauka. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza suna aikin jirgin ruwa a can duniya. Saura ni. Ni kuwa ƙanwarsa ce, kuma mace a wurinmu ba ta taɓa jikin ɗan'uwanta namiji, ba ta hawa tabarmarsa, ba ta ƙura masa ido. Tun ina 'yar shekara bakwai haka muke.

Lokacin ina shirin tafiya Fiji wurin 'yata Telupe da ke aure a Suva. Na tsaya daga bakin ɗakinsa, ina kallon bishiyar kwakwa, na ce, "Ana cewa a Suva akwai masu ɗinka takalmi daidai ƙafar mutum, in an kai musu awo."

Ya ce, "Gawa ake aunawa. Ki gaya wa masu cewar ban mutu ba tukuna."

Taurin kai gadon gidanmu ne, amma ni na fi shi. Da safe na bi bayansa zuwa gaɓa, na jira ya yi nisa, na durƙusa a kan sawunsa cikin jiƙaƙƙen yashi. Na hagu ya dagule, don tsumma yake naɗa wa ƙafar. Na dama kuwa ya fito raɗau, yatsu biyar cif. Na shimfiɗa kabar saƙa a ciki, na yanka daidai, na je gida na saƙe ta tsaf. Ina ta yaba wa kaina wayo.

Kwana uku a jirgin ruwa ƙafar kabar nan tana cikin rigata.

A Suva, Telupe ta fara kai ni manyan kantuna masu gilashi. Takalman kamar na 'yan tsana, kuɗinsu kuwa ya sayi alade. Wata yarinya ta ga na fito da awona, ta rufe baki tana ƙyaƙyata. Muka fita. Daga ƙarshe warin fata ne ya ja mu wani lungu, inda wani tsohon baduku Ba'indiye mai suna Bhikha ke zaune a ƙasa, kirgi rataye a bayansa. Telupe ce ke mana tafinta.

Ya jujjuya awon ya ce, "Inna, wannan faifai ne ko ƙafar mutum?"

Na ce, "Ƙafar namiji ce, ba irin taka ta kaza ba." Ina jin Telupe ta rage wani abu a hanya, don murmushi kawai ya yi.

"Ina ɗayar?"

"Juya wannan mana. Kai ba baduku ba ne?"

"Ƙafafun nasa iri ɗaya ne?"

Telupe ta gaya masa komai: sugan, yatsun, gwiwar. Sai na ga dariya ta bar fuskarsa. Ya ajiye awon a hankali.

Ya ce, "Kin kawo mini awon lafiyayyar ƙafa, kina so in ɗinka wa marar lafiya. Inna, mai suga ba ya jin takalmi na cinsa. In ya matse ko da kaurin farce ne, zai goge fatar, ya yi gyambo, shi yana ta yawonsa. Dutsen gaɓa sai an taka shi. Takalmi kuwa yini yake a ƙafa. Ta kumbura? Ta ina aka yanke? Tabon ya yi tudu?"

Na ce, "Ban taɓa kallonta ba."

"Yayanki ne fa!"

"Shi ya sa."

Ya dube ni, ya dubi Telupe, ya girgiza kai ya ce ba zai ɗinka ba, a kawo masa mutumin. Na ce mutumin ko da igiya ba zai zo ba. Na zauna a ƙasan shagon, na miƙe ƙafa, na ce daga nan sai da takalmi. Masu saye biyu suka zo suka tsallake ni. Amma a raina na gane wayona na iya zama wuƙar da za ta yanke ƙafar Seluka.

Daga ƙarshe Bhikha ya haƙura ya ɗauki awon, kwana biyar ya yi yana aikin. Ƙasa ya sa tayar mota, sama kirgin sa, ciki ya shimfiɗa fatar akuya mai laushi, ɗinkin duk ya fitar da shi waje, gaba a rufe. Na hagun ya ƙara masa faɗi da ka, ya bar maɗauransa uku ba huji ko ɗaya. Kuɗin bai kai rabin na kantin gilashi ba, duk da haka sai da na taya, don kada ya raina ni. Ya ɗauko wata tsohuwar basilla ya damƙa mini.

"Rabi na ɗinka. Sauran sai a kan ƙafar. Kullum da yamma wani ya cire takalmin ya duba, da ido da hannu. In an ga ja, a danna da yatsa. In jan bai gushe ba, takalmin ne ke ci. A shafa wa fatar takalmin man kwakwa, a buɗa ta, a sake huji. Kullum, Inna. Ba ran Lahadi kaɗai ba."

A hanyar dawowa sau biyu na tsaya a gefen jirgi da takalman a hannu, ina tunanin in jefa su teku in ce ban samu ba.

Na ajiye masa su a bakin ƙofa tare da basillar. Ya huda maɗauran da kansa, yadda ya ga dama. Ran Lahadi ya shigo coci da su, ƙwas ƙwas, kowa na waiwaye, yana hura hanci kamar shi ya je Suva. Na aika masa da saƙon baduku ta bakin nas. Ta je sau ɗaya, ya kore ta, ya ce shi ba jariri ba ne. Idonsa kuwa ya riga ya dushe, ba ya ganin ƙafar tasa.

Kwana uku ina leƙensa daga bayan tankin ruwa. Rana ta huɗu da la'asar yana zaune yana gyaran komar kamun kifi, na hango ƙudaje sun taru a kan takalmin hagu. Na dama ba ko ɗaya.

Ban san lokacin da na shiga ɗakin ba. Na hau tabarmarsa na durƙusa.

"Yaya, miƙo ƙafar."

Ya zabura. "Melitiana! Kin haukace? Sauka!"

"In na sauka, likitoci za su yanke ta. Zaɓi."

"Mutane na kallo."

"Su kalla. In aka dawo da kai da ƙafa ɗaya, su ne za su ɗauke ka zuwa bayan gida?"

Na jawo ƙafar na kwance maɗauran ɗaya bayan ɗaya. Da takalmin ya fita, na ga ƙafar yayana a karon farko tun ina 'yar shekara bakwai. A kumbure take. Gefen tabon, inda fata ta goga, ya yi ja ya saɓule kamar faɗin ƙwayar wake, yana tsattsafo da ruwa. Na danna gefensa. Jan bai gushe ba. Shi kuwa ko motsi, bai ji komai ba. Ya juya fuskarsa ga bango.

Na wanke, na kira nas ta sa magani. Kwana goma sha biyu bai taka ƙasa ba, ni kuma ban yi barcin kirki ba, kullum ina sunsunar wurin ko ya fara wari. Na jiƙa takalmin da man kwakwa, na cusa ɓawon kwakwa ya buɗa shi, na yi sabbin huji. Allah ya sa wurin ya kame.

Matan coci sun yi da ni har suka gaji. Wata ta daina cin abincina. Ban damu ba, dama ba ta taɓa dawo mini da kwano a wanke ba.

Shekara shida kullum kafin faɗuwar rana nakan je. Da ya ji tafiyata sai ya miƙo ƙafa ya juya fuska ga bango. Ko sau ɗaya ba mu yi maganar ba, kuma ko sau ɗaya ban kwance maɗaurin nan gabana bai faɗi ba. Ya koma su, yana hawa kwalekwalensa har makon ƙarshe. Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi.

Da maza suka fito daga yi masa wanka, na tare babban ɗansa a bakin ƙofa na ce, "Ƙafa nawa kuka wanke?"

Ya dube ni kamar na zautu, ya ce, "Biyu mana, Gwaggo."

Na ce, "To, ku tafi da shi."