Daeng Tayang, mutumin da ya iya cewa "ban sani ba"

Kafin a buɗe ƙofar tashar jiragen ruwa ta Makassar, Daeng Tayang ya riga ya jingine kekensa, ya baje tsohuwar taswirarsa a kan benci. Shekara talatin da ɗaya yana haka, yana yi wa baƙi jagora. Ni ina gefe ina gasa ayaba, har na haddace abin da yake gaya wa baƙi: miyar coto da safe ake nemanta, da azahar sai dai ku tarar ana wanke tukunya, in za ku gifta gaban dattijo ku ɗan duƙa, ku sauke hannun dama, ku juyo da wuri, don motocin kaya kan toshe hanyar tasha.

Maganar da ta daɗe tana ɗaure mini kai ita ce ta ƙarshe: "Kada ku yarda da kwatancen mutum ɗaya." Me ya gani a jikinmu?

Ai kun san halinmu. Baƙo ya tambayi hanya mu ce ba mu sani ba? Abin kunya! Sai mu miƙa hannu wani gefen, mu haɗa da murmushi.

Ni ma na yi. Shekara huɗu ke nan, wata dattijuwa 'yar Holan mai suna Saskia ta sauko daga jirgin 'yan yawon buɗe ido da hoton wani gida. A garin nan aka haife ta, kuma matar da ta raine ta take nema, Daeng Kebo (Daeng laƙabin girmamawa ne a wurinmu). Jirginta zai tashi ƙarfe biyar. Na kalli hoton, na nuna mata kudu kamar can aka yanke cibiyata. Bayan awa biyu ta dawo jiƙe da gumi. Mutum huɗu ta ƙara tambaya, kowa da inda ya tura ta.

A ƙarshe ta kai wa Daeng Tayang hoton. Ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Ban sani ba."

"Haba Daeng!" na ce. "A gaban baƙuwa?"

"Ke da kika sani, ina kika kai ta?"

Na koma ina juya ayabata.

Ya naɗe taswira, ya ce gidaje kan rushe, amma masu yi wa amare kwalliya sun san kakar kowa. Ya sa ta a keken haya, ya bi su a nasa. Mai kwalliyar farko ba ta sani ba, amma ta san wadda za ta sani. Ta biyu ta kalli hoton ta tafa hannu: "Kebo mai bakin tsiya? Tana unguwar Paotere, bayan kasuwar kifi. Ni na shirya jikarta!"

Mai keken hayar ne ya ba ni labarin haɗuwarsu, ya ce tsohuwar ba ta gani sosai. Ta laluba bayan kunnen Saskia, ta taɓo wani tabo, ta ce, "'Yar nema, sai yanzu?" Shi kansa mai keken sai da ya juya baya yana share ido.

Awa ɗaya suka samu tare, Daeng Tayang ya tsaya a kansu sai an koma tasha kafin jirgi ya tashi. Wata uku bayan haka Daeng Kebo ta rasu. Da ban miƙa hannuna ba, da awa uku suka yi. Wallahi har yau abin yana cina.

Makon jiya ciwon gwiwa ya sa Daeng Tayang ya ajiye aiki. Daeng, kai ne ka yarda ka ji kunyar minti ɗaya don kada baƙo ya yi asarar yini. Allah ya saka maka, ya ba gwiwar nan sauƙi.

Mu kuwa da muka rage a bakin ƙofa, in ba mu sani ba mu faɗa, mu kai mutum wurin wanda ya sani. Wani baƙon sau ɗaya zai taka garin nan, kuma wanda ya zo nema ba lallai ya jira shi ba.