Yadda Kawu Ya Koma Makaranta

Shekarar da na fara karatu a Manchester, a unguwar Hulme nake zaune da wasu ɗalibai 'yan Kano. In na gaji da taliya sai in hau jirgin ƙasa in tafi Birmingham, wurin wani abokin mahaifina, Bahaushen Kumasi, direban bas a unguwar Handsworth. Kawu nake ce masa, matarsa kuma Gwaggo.

Wata Asabar muna cin tuwo yana ta mitar harajin gida da kansul, wato ƙaramar hukuma, ke karɓa, sai ya tambaye ni yadda nake fama da nawa.

Na ce, "Ai ni ba na biya, Kawu. Ɗalibai an yafe musu."

Ya tsaya da loma a hannu. "Don kawai kana karatu?"

"Don shi kawai."

"To nima na zama ɗalibi."

Gwaggo ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Alhaji, da furfurar taka?"

Bai kula ta ba. Cikin makon ya je wata kwaleji a unguwarsu ya nemi ajin yamma. Duk an cike, saura na gashin burodi da kek. Ya shiga. Aka ba shi katin ɗalibi, ya rataya a wuya, har masallaci da shi yake zuwa.

Ranar da ya kira kansul ina nan, ya ƙure muryar wayar don mu zama shaida. Matar da ta ɗauka ta taya shi murna, sannan ta yi masa bayani a hankali: ba a yafe harajin sai ga wanda karatun ne sana'arsa duk mako, ba mai leƙa aji da yamma ba. Kuma ko da ya cika sharaɗin, ragi kawai za a yi masa, tunda matarsa ba ɗaliba ba ce.

Kawu ya juyo ya dubi Gwaggo.

Ta ce, "Kada ma ka fara."

Na ɗauka zai bar ajin. Ina! Malamar ta yaba hannunsa wajen kwaɓi, shi ke nan ya riƙe abin da gaske. Da ƙaramar Sallah ya zo mana Hulme da kek mai dabino, gefensa ya ɗan ƙone. Muka cinye tas, har wani ɗan ɗakinmu ya kankare tiren da cokali. Gwaggo tana gefe tana ba mu labarin yadda yanzu sai ta nemi izini kafin ta kunna murhunta.