Jakar Sandunan Autanmu

Shekarar korona autanmu ya maƙale a gidana a Bukit Jalil, can ƙasar waje. Golf yake bugawa, wasan jefa ƙaramar ƙwallo a rami da sanda, a gasar masu tasowa, inda ake gwada mutum kafin ya shiga ta manya. Baba ya riga ya yanke masa: in bai riƙe gurbinsa a kakar nan ba, ya tattaro ya koma Kano ya zauna shago.

Da aka sassauta kulle aka koma wasa, sai aka ce mai ɗaukar masa jaka dole ya zama wanda suke gida ɗaya. Maigidana karatu ya sha masa kai. Ya ce, "Ki je mana. Ke da kika goya shi, jakarsa ce za ta gagare ki?"

Haka na yi ta bin autan daga wannan fili zuwa wancan, ga hijabi ga takunkumi, gumi har cikin safa. Ya ce in miƙo wannan sanda, in miƙo waccan. Amma abin da ya fi ƙona masa rai, duk wanda ƙwallonsa ta faɗa ruwa sai na yi masa sannu. Akwai wani siririn ɗan Thailand da ake yawan haɗa su, har dabino nake ba shi.

"Yaya, abokin karawata ne fa!"

"To shi ba uwa ce ta haife shi ba?"

"Addu'ar ma raba mana kike yi, na sani."

Ban musa ba.

A ramin ƙarshe na gasar ƙarshe, saura bugu ɗaya: in ƙwallon ta shiga ya tsira da gurbinsa. Ya matso, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Yaya, don Allah wannan kada ki raba."

Ban raba ba. Ƙwallon ta gangara a hankali, ta zagaya bakin ramin, ta faɗa.

Ba 'yan kallo saboda cutar, ba mai tafi. Shirun ya yi mini yawa, ban san sanda na rangaɗa guɗa ta cikin takunkumi ba. Tsuntsaye suka tashi, ɗan Thailand ya durƙusa don dariya.

"Yaya, za ki sa a kore mu," in ji autan, yana share ido da hularsa.

A mota na kira Baba na faɗa masa. Ya yi gyaran murya, sannan ya ce, "To, madalla. Ba ni ɗan banzan."